Wayar da Ba Ta Durƙusa Ba

Guntuwar wayar nan da kuke gani rataye a ƙusa bayan kaina, kusan duk wanda ya shigo shagon nan sai ya tambaye ni abin da ya hana ni jefar da ita. Jiya ma wani a cikinku ya ce in ba shi ya kai wa 'yan gwangwan. Ba zan bayar ba. Amma tunda kun tambaya, dole in ba ku labarinta, don sharaɗin da aka rataye ta a kansa ke nan.

Ku samarin yanzu kun ce aikin eriya ba aiki ba ne. A fere waya, a murɗa mata kai, a hau kwano a sauko, minti biyu an gama. Gaskiyarku, minti biyu ne. Ɗaura kan da zai yi magana yau, ko akuya aka zaunar aka koya wa za ta iya. Ɗaura wanda zai yi magana bayan damina goma, shi na yi shekara bakwai ina koya, kuma a ta takwas ɗin na ci kunya.

Ku ɗauki waya ku duba bakinta. A tsakiya akwai zuciya, silin jan ƙarfe guda ɗaya, ita ke ɗauke da magana. Farar roba ta rufe ta, sai saƙa ta zagaye robar, sannan baƙar riga a waje. Kai kuma shi ne ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin waya don ta kama eriya a sama, ta kama na'ura a ƙasa. Wayar kanta ba ta cika mutuwa a tsakiya ba, a kai take mutuwa. Rana ta gasa shi wata takwas, ya buɗe baki kamar tsagar gashi, sai ruwan farko ya zo ya samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saƙar nan kuwa shan ruwa take kamar lagwanin fitila, ɗigo ɗaya ya shiga sama, sai ka same shi a cikin ɗaki bayan wata biyu.

A nan Nguru na koya, a hannun Malam Kyari, wani gajeren Babarbare mai faɗa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran rediyon ofisoshi tun ana kiransu oba-oba. Kayan aikinsa ba su cika jakar fata ɗaya ba. Reza, filaya, ƙarfen narka dalma da ake sa wa a garwashi, mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika, da robar cikin tayar keke da ya yayyanka siri-siri. Mayen ƙarfen na gwada waya ne. Ya kara shi a zuciyarta, in ya kama, to baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ja, sai ya wurga wa mai ita abinsa ko da Alhaji ne. Robar kuwa da ita yake naɗe kai, daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau rabin na baya kamar jinkar ɗaki, sannan ya bi da tef don rana. Tef kaɗai, in ji shi, kwalliyar sallah ce, zafin bazara ɗaya ke narkar da ƙaronsa.

Aikina na farko a gidan wani dillalin banda ne, a bayan kasuwar kifi. Na fere waya da haƙori don in nuna zafin nama, na murɗa kai, talabijin ta kawo hoto, yaran gida suka yi ihu. Sai Malam ya matso. Ya kwance kan, ya ɗaga shi a hasken rana, ya nuna mini silin saƙa guda ɗaya, siririn da bai kai gashin gira ba, yana leƙen zuciya. Ya ce yau ba su gaisa ba, amma iska na kaɗawa za su gaisa, hoto ya tafi, mai gida ya zagi uwata. Ya yanke, ya ce in sake. Na sake, ya yanke. Har aka kira azahar muna abu ɗaya, waya tana ta gajarta, mai banda yana ta leƙowa yana tambaya ko lafiya. Tun daga ranar haƙorina bai sake taɓa waya ba.

Babbar dokarsa kuwa ita ce durƙuso. Waya in ta gangaro daga sama, ba a barinta ta shige ramin bango a miƙe. Sai an sassauta ta, ta yi ƙasa da ramin kamar kamu ɗaya, sannan ta ɗago ta shiga. Ruwan da ya biyo bayanta sai ya tsaya a gwiwar ya ɗiga ƙasa, tunda ruwa ba ya hawan tudu. Haka ma a sama, kusa da kai, a yi mata ɗan lanƙwasa don kada nauyinta ya riƙa jan kan. Malam ya ce waya baƙuwa ce, sai ta durƙusa kafin ta shiga gidan mutane.

Masu gida kuwa ba sa son durƙuson nan ko kaɗan. Kowa so yake a ja ta ta miƙe ɗas, wai ta fi kyan gani. Wata Hajiya a unguwarmu har roƙona ta yi in ƙara ɗaure tata, ashe igiyar shanya ta samu a ɓagas. Na koma bayan sati uku don hoto ya ɗauke, na tarar da zannuwa huɗu da bargon yara a jiƙe a kai, tana rantse mini babu wanda ya taɓa. A Yusufari na ga wadda mai gida ya binne a rairayi don kada awaki su ci, gara ta yi walima da rigarta. A wani ƙauyen Jakusko kuma na tarar an ɗaure ɗan maraƙi da rarar da na bari. Duk waɗannan laifin wasu ne, ana dariya a gyara. Wadda ke kan ƙusar nan laifina ce ni kaɗai.

Malam Kyari yana da wani aboki a Gashuwa, Malam Buba, Bafulatani dogo, tsohon malamin makaranta. Su biyun suna cikin mutanen nan 'yan kaɗan da ke da lasisin ajiye rediyon magana a gida don sha'awa kawai. Na'ura ce mai abin magana, ka danna ka yi, ka saki ka saurara, kuma duk mai irinta yana iya jin ku. Wasu na neman mutanen ƙasashen nesa da ita. Su kuwa waɗannan tsofaffi, abin da suka ajiye ta dominsa shi ne su zagi juna kullum bayan la'asar. Kun dai san wasan Fulani da Barebari. Malam Buba zai buɗe da tambayar ko bawansa ya share masa turken shanu, Malam Kyari ya ce yaushe mai bin jelar saniya ya samu bakin yi wa ubangidansa magana. Haka za su yi ta yi har rana ta yi ja, sannan su tambayi farashin gero su rufe. Lokacin salula ba ta iso mana ba, kuma shekara da shekaru ba su fasa rana ɗaya ba sai dai in batir ya mutu.

Wayar Malam Buba, Malam Kyari ne ya ɗaura ta da hannunsa tun ƙafafunsa na hawa tsani. Ta daɗe har rigarta ta koɗe ta zama toka-toka. Sai ɗan Malam Buba ya kawo masa tsarabar sabuwa daga Kano, baƙa wuluk tana sheƙi, tsoho ya ƙyalla ido ya ce lallai a sa masa. Malam Kyari ya ce tsohuwar ba ta yi laifin komai ba, amma Bafulatani in ya ga abu mai ƙyalli ba ya jin kira. Ya tura ni, don lokacin gwiwoyinsa sun riga sun ƙi.

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar bazara, irin zafin da kwano ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Na hau, na sauke tsohuwar, na naɗe ta na jefa a ɗakin ajiya. Ban kara wa sabuwar mayen ƙarfe ba, don na ji nauyin in gwada tsarabar ɗa a gaban ubansa. Da na ja ta daga kan sandar eriya zuwa ɗaki, sai ta gaza tsawon tsohuwar da kamar kamu biyu. Ta dai isa, amma sai an ja ta ta miƙe kamar tsarkiyar baka, babu rarar durƙuso sama ko ƙasa. Na lalubi jaka kuma na ga na baro robar a Nguru. Mai facin keke yana nan bakin titi, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba, amma zafi ya cinye ni, ga motar Nguru ta ƙarshe tana lodi. Na dubi sama, ko gajimare ɗaya babu. Wannan shi ne ciwon masu aikinmu a ƙasar nan, wata takwas ba ka ga ɗigon ruwa ba, sai ka manta ana yin sa. Na naɗa tef, na ce zan dawo kafin damina. Muka gwada, murya ta fito tangaran, Malam Buba ya sa mini albarka har da guzurin fura.

Da na dawo Malam bai ɗago daga abin da yake yi ba. Tambaya biyu ya yi mini.

"Ta durƙusa?"

"Ta durƙusa, Malam."

"Ka naɗa roba?"

"Na naɗa."

Ya ce madalla, ya ci gaba da aikinsa. Ni ma na ci gaba da nawa. Shekarar ce aka fara rububin kafa dish a gidajen kallon ƙwallo, aiki ya yi mini yawa, Gashuwa ta fita daga kaina fit.

Ruwa ya sauka, ya yi kyau a shekarar. Can cikin damina Malam Buba ya yi ɗan zazzaɓi da tari na kwana uku, ya warke abinsa. To daga nan ne Malam Kyari ya fara jin muryar abokinsa tana yin ƙasa. Ba rana ɗaya ta ɗauke ba, da an gane. Kullum dai tana ɗan ragewa, kamar mai magana daga cikin rijiya. Ya duba na'urarsa, lafiya. Ya sa na hau na duba wayarsa, lafiya. Ya ce to ta Gashuwa sabuwa ce, kuma Garba, wato ni ke nan, ya ce ta durƙusa, ya naɗa roba, saboda haka ba waya ba ce, Buba ne jiki ya ƙi. Ina tsaye a wurin ya faɗa. Ban gyara masa ba, ina ce wa raina wataƙila dai tsohon ne ba shi da lafiya da gaske. Ku ji fa irin fatan da ƙarya ke sa mutum ya yi.

Abin da ban lissafa ba shi ne, waya mai ruwa ba ta zaɓar hanya. Yadda take cinye maganar da ke fita, haka take cinye mai shigowa. Can Gashuwa Malam Buba shi ma yana jin muryar Malam Kyari tana shiɗewa, ga shi ya san mutumin da ciwon ƙafa. Shi kuwa magana ya iya, bai san komai a kan waya ba. Sai kowannensu ya yanke a ransa cewa ɗan'uwansa na kan hanya. In sun tambayi direbobi, a ce musu ai lafiya lau aka gan shi, sai su ce haka ake faɗa, wa ya taɓa jin an ce da majiyyaci ba sauƙi?

Sai zagi ya tsaya. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali. La'asar ta yi, sai in ji Malam Kyari yana cewa, a hankali, Malam Buba ya ƙarfin jiki, Allah ya ƙara afuwa. Can ƙasa-ƙasa a amsa masa da Malam Kyari sannu, Allah ya sa kaffara ne. Kowa na zaton ɗayan ƙarfin hali yake yi. Ranar da Babarbare ya fara kiran Bafulatani Malam, ai ka san magana ta lalace. Malam ya rage cin abinci, ya daina yi mana faɗa a shago, har ya sa aka yi wa abokinsa saukar Alƙur'ani.

Ran nan da safe ya kira ni, ya miƙo mini kwalbar zuma da ƙunshin banda da turare. Ya ce shi mota ta fi ƙarfin gwiwarsa, in je in dubo masa Buba da idona, in dawo in faɗa masa gaskiya komai ɗacinta, don ni kaɗai ne ya san ba zan yi masa ƙarya ba. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na isa Gashuwa da hantsi, na tarar da majiyyacin a bayan gida da fartanya, yana korar awakin maƙwabta daga cikin kuɓewarsa da muryar da za a ji a hayin kogi. Yana ganina ya yar da fartanyar, ya kama hannuna biyu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in faɗa masa kada in ɓoye, Kyari yana iya tashi zaune kuwa? Ashe har rago ya yanka ya yi sadaka. Na ɗaga kai na dubi sandar eriya. Ga waya a miƙe ɗas yadda na bar ta, ga tef ya warware yana rawa a iska.

Na hau. Ina murɗe kan, wani koren ruwa ya zubo mini a tafin hannu, yana warin tsohon kwabo. Na yanke kamu ɗaya, saƙa ta yi baƙi tana marmashewa. Na ƙara yankewa, haka. Na sauko ɗaki, na tarar ruwan ya bi ta har gindin na'ura, saura ƙiris ya shiga ciki. Na kara mayen ƙarfe a zuciyar don in ƙarasa jin kunyata, ya kama caraf. Sai na shiga ɗakin ajiya na jawo tsohuwar da na jefar, na warware robar da Malam ya naɗa tun ina yaro. Roba ta manne ta zama jiki ɗaya, sai da na sa reza. A ciki kuwa kan nan a bushe, dalma tana sheƙi kamar jiya aka narka ta. Na je wurin mai faci na sayo roba, na mayar da tsohuwar, na yi mata durƙuso sama da ƙasa, na zauna jiran la'asar kamar mai jiran alƙali.

Ba zan yi muku ƙaryar kirki ba, na yi tunanin in ce iska ce ta karkatar da eriya. Amma wanda ya koya maka sana'a ba a yi masa wannan, yana jin murya ta dawo ranar da na je zai gane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malam Buba ya kunna. Sai ga muryar Malam Kyari ta cika ɗaki har kwano na amsawa, yana cewa a hankali, Malam Buba ya ƙarfin jiki. Malam Buba ya zabura ya danna ya amsa da dukkan ƙarfinsa. Can sai muka ji:

"Kai, mai bin jelar saniya! Ashe lafiyarka ƙalau kake ta cinye mini addu'a?"

"Ni da na yi asarar rago a kan bawa? Tashi ka biya ni!"

Suka yi ta yi, Malam Buba na dariya yana share ido da hannun riga. Da suka gaji Malam Kyari ya ce a ba shi Garba. Na karɓi abin magana, na san duk mai rediyo a ƙasar nan yana iya ji. Na ce, Malam, ba ta durƙusa ba, ban naɗa roba ba, ƙarya na yi maka. Da ya danna, cewa ya yi in yanko masa kamu ɗaya daga wayar da ta lalace in zo da shi, zumar kuma in dawo masa da ita, ba ta masu lafiya ba ce. Malam Buba ya ce ai abin da ya shiga gidan Fulani ya shiga, har ya sa yatsa.

Malam Kyari bai kore ni ba, bai zage ni ba. Da hannunsa ya buga ƙusar nan ya rataye guntuwar, ya ce duk wanda ya tambaya ni zan ba shi labari da bakina, kada in rage komai. Amma damina biyu cur bai sake tambayata ko waya ta durƙusa ba. In na dawo daga aiki na fara bayani, sai ya ce bari, ruwa zai faɗa mini. Wannan ya fi bulala ciwo. Sai a ta uku, ran nan na dawo daga wani aiki, ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba, na ce ta durƙusa, ya ce madalla. Ranar na ci tuwo kwano biyu.

Tsofaffin nan sun ƙara shekara shida suna zagin juna a kan tsohuwar wayar. Salula ta zo, 'ya'yansu suka saya musu, suka ce ta yara ce. A shekara ta shidan jikin Malam ya ƙi da gaske, ni na ɗauke na'urar na kai masa gefen gado. Bai fasa zagi ba, sai dai numfashi ba ya kai shi ƙarshen magana. Sai ga saƙo daga Gashuwa ta hannun direba, wai in zo in duba aikina, murya ta sake yin ƙasa, kuma an san halina. Na faɗa wa Malam, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce in je in duba masa, haƙƙinsa ne.

Na je na hau, alhali na san abin da zan gani. Na warware robar a hankali, ina fatan ko ɗigo ɗaya in samu. Kan nan a bushe ƙamas, yana sheƙi. Ban taɓa yin aiki ya yi kyau na ji haushinsa ba sai ranar. Na mayar na naɗe, na sauko. Malam Buba na tsaye a gindin tsani da sandarsa.

"Ruwa ne ko, Garba?"

"A bushe take, Malam."

Ya daɗe yana kallon sandar eriya. Sannan ya ce in nemo mana motar Nguru, bawansa ba zai tafi bai sallami ubangidansa ba.

Mun samu Malam Kyari da rai. Kwana huɗu suka yi suna zagin juna a ɗaki ɗaya, ba waya ba na'ura, a na biyar muka kai shi makwancinsa.

To, kai da ka ce minti biyu, ga reza nan, ga waya. Robar tana cikin jakar fatar can.